A tambayi "tun yaushe?" kafin a ce yaro malalaci ne

A kowace shekara, ɗalibai masu yawa daga ƙauyukan gundumar Magarya da ta Dungas, wadda aka cire daga Magarya a 2011, sukan bar gidajen uwayensu domin shiga kwaleji. A firamare malami guda ke riƙe da aji, ya san halin kowane yaro. A kwaleji kuwa malamai da yawa ne, kuma yaro yana zaune wurin mai masauki, ba mai tuna masa aikin gida. A nan ne wasu masu basira ke fara faɗuwa: su manta littafi, su bar aiki rabi, hankalinsu ya tashi ana tsakiyar darasi. Sai a ce lalaci ne, a yi bugu, daga baya a yi kora tun kafin jarrabawar BEPC.

Alhali kuwa likitoci sun san wata larura ta rashin tattara hankali da yawan ƙiriniya, wadda ake taƙaita sunanta TDAH da Faransanci. Wani likitan yara na Ingila, George Still, ya bayyana alamunta tun 1902. Bincike ya nuna tana shafar kimanin yara 5 cikin 100 a duniya, wato wajen 3 a ajin ɗalibai 60, kuma sau da yawa gadonta ake yi. Ga ƴan mata takan ɓuya, domin ba su cika ƙiriniya ba: shiru suke yi, hankali na wani wuri.

Yaron da ya sha faɗa shekara da shekaru yakan karaya, har a zaci ciwon damuwa ne kawai. Bambancin yana ga lokaci. Damuwa takan sauya halin yaron da a da yake lafiya. Ita kuwa wannan larura alamunta na bayyana kafin shekara 12, a gida da makaranta duka.

Saboda haka ya wajaba shugabannin makarantu su kira uwaye su tambaye su tun yaushe abin ya soma, kafin a yanke hukuncin kora. A zaunar da yaron a gaban aji, a rarraba masa aiki kaɗan-kaɗan, a kai shi likita ya duba. Haka nan ya kamata hukumomin ilimi da na kiwon lafiya na jihar Damagaram su sanya wannan batu cikin horon malamai. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma ƙasa ce ke asara duk ranar da aka kori mai basira da sunan lalaci.