Iya Taka Leda Daban, Iya Riƙe Ofis Daban

Tun daren da Kwango ta koro mu gida daga wasannin neman gurbin kofin duniya da bugun fenariti a Rabat, a Nuwamban 2025, tsohuwar waƙar nan ta dawo bakin masu sharhin wasanni da majalisun shayi: wai a kwashe 'yan kwat da 'yan babbar riga daga hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, NFF, a danƙa ragama ga tsofaffin 'yan wasa, don su ne suka san zafin fili. Shekaranjiya ma na ji wani a rediyo yana ta kumfar baki, wai duk wanda bai taɓa ɗaura takalmin ƙwallo ba, ba shi da hurumin zama a ofishin ƙwallo. To madalla! Gobe kuma sai mu nemo direban da ya fi kowa gudu a hanyar Kano zuwa Zariya mu naɗa shi ministan ayyuka.

Masu wannan waƙa sun manta cewa Kwangon da ta fitar da mu, kwana 3 kafin nan Kamaru ta fara sallama. Wa ke shugabancin ƙwallon Kamaru? Samuel Eto'o, gwarzon Afirka har sau 4, wanda aka zaɓa a Disambar 2021 ana ta guɗa. Me aka gani tun daga nan? An ga bidiyonsa a Katar a 2022 yana kai wa wani ɗan Aljeriya duka da gwiwa a ƙofar filin wasa. An ga cacar bakinsa da koci Marc Brys a gaban kyamara a 2024, kamar kishiyoyi a tsakar gida. A Satumbar shekarar FIFA ta hana shi halartar wasannin ƙasarsa na wata 6. Idan wannan ne maganin da ake so a ɗura mana, gara ciwon.

Mu dawo gida. A 2023 gwamnan Abiya ya ba Nwankwo Kanu shugabancin Enyimba, ƙungiyar da ta ɗauki kofin gasar ƙasa makonni kaɗan kafin nan. Wanda ya sauka, Felix Anyansi-Agwu, ba wanda ya san shi da yanka ko zura ƙwallo, amma a hannunsa Enyimba ta ci kofin zakarun Afirka a 2003 da 2004. Bayan zuwan Kanu, kofin ƙasa ya tafi Rangers a 2024, ya wuce Remo Stars a 2025. Remo ɗin nan kuwa ta ɗan kasuwa ce, Kunle Soname, wanda ya gina fili da makarantar renon yara a Ikenne.

Sai namu na Kano. A Yulin 2025 gwamnati ta naɗa Ahmed Musa babban manajan Kano Pillars, alhali yana cikin masu buga mata wasa. Kada wani ya juya min magana: Ahmed ɗan halak ne, kuma ƙwallayen da ya ci Ajantina a 2014 da Iceland a 2018 suna nan a zukatanmu. Amma don Allah a faɗa min, idan koci ya ga ya kamata ya ajiye shi a benci, wa zai ajiye? Mai gidansa? Da safe ya sa hannu a takardar albashinka, da yamma ka ce masa ya fito a minti na 60? A Oktoba, da 'yan kallo suka afka wa alƙalan wasa a filin Sani Abacha bayan kunnen doki da Shooting Stars, aka zaftare wa Pillars maki 3. Tsaron fili aikin ofis ne, kuma farin jini ba ya tare ƙofa.

Na san abin da za a ce: ai ga Bayern, ai ga Ajax. Haba malam! Edwin van der Sar da ya ajiye safar hannu a 2011 makaranta ya koma, ya fara aiki a sashen talla na Ajax a 2012, sai a 2016 ya zama shugaba. Michael Emenalo namu, da ya buga wa Najeriya kofin duniya a 1994, sai da ya horar da yara mata a Amurka, ya shiga Chelsea a 2007 yana leƙo asirin abokan karawa, ya zama mataimakin koci, kafin a ba shi daraktan fasaha a 2011. Tsani suka taka, hawa bayan hawa. Mu kuwa ta taga muke jefa mutum, mu ce Allah ya taya riƙo. Ofis kasafin kuɗi ne, da kwantiragi, da neman masu ɗaukar nauyi, da kuɗin mota da otal, da inshorar yaron da ya karye. Wanne daga ciki ake koya a atisaye?

Gaskiyar da ba a son a faɗa ita ce, wannan waƙa ba wanda take yi wa daɗi kamar gwamnoni. Shekara da shekaru ina faɗa, ana ce min mai baƙar aniya: muddin ƙungiya tana ƙarƙashin gidan gwamnati, kujerar shugabanta tukwici ce. Da can yaran siyasa ake ba, yanzu an gano tauraro ya fi rufe baki, don ba mai iya zagin gwarzonsa. Kuɗi kuwa sai an bi fayil ofis-ofis, alawus sai 'yan wasa sun yi bore, fili kuma ranar taron jam'iyya a kafa rumfuna a kan ciyawa. Pillars da ta ci kofi sau 3 a jere daga 2012 zuwa 2014, ita ce ta faɗa ajin 'yan dagaji a 2022. Rashin tsohon ɗan wasa ne ya jefa ta?

Duk tsohon ɗan wasan da ke son kujera, bismillah, ƙofa a buɗe take. Ya je ya yi karatu, ya riƙe ƙaramar ƙungiya ta unguwa shekara 3, ya kawo mana lissafinta ba gyara. Wanda ya ƙi wannan, a karrama shi, a sa sunansa a titi, amma makullin ofis ya zauna a hannun wanda ya san aikin.