Bazarar Ingila Ba Bazarar Kano Ba Ce

Kusan kowace shekara akan sami wasu daga cikin malamanmu da 'yan'uwanmu ɗalibai da tafiya Ingila kan kama, ko don taron ƙara wa juna sani, ko kuwa don bincike a ɗakunan karatu na Landan. Galibi tafiyar takan faɗo tsakanin watan Yuni da Agusta. Matafiyi kan yi wata da watanni yana fafutukar fasfo da biza da kuɗin jirgi, amma zancen tufafin da zai zuba a akwati sai daren tashi. A ganina wannan sakaci ne babba, kuma tushensa kuskuren fassara ne, abin da ya shafe mu kai tsaye a wannan sashe.

Masu fassara sun saba kiran waɗannan watanni uku na Turawa da sunan bazara. To, da Bahaushe ya ji an ce bazara, abin da ke faɗo masa a rai shi ne watan Afrilu a Kano: rana mai ƙuna, gumi na tsattsafowa, zafi ya kai digiri 38 har 40, kowa ya fito da tabarma tsakar gida. Da wannan tunani yakan cika akwati da 'yar shara da yadi marar nauyi da silifa. Amma fa a Landan, a watan Yuli, zafin rana a matsakaici bai wuce digiri 23 ko 24 ba, da dare kuwa ya sauko wajen 14. Watau daren bazararsu daidai yake da daren hunturunmu na Janairu, lokacin da muke jin ɗumi a bakin murhu. In mutum ya nausa arewa zuwa Gilasgo a Sikotilan, ko da rana da ƙyar yake kaiwa 20.

Sai kuma maganar ruwa. Abin mamaki, ruwan da ke sauka a Landan cikin shekara, kimanin milimita 600, bai kai na Kano yawa ba. Bambancin yana ga yadda yake zuwa. Namu na damina ne: hadari ya haɗu a gabas, iska ta taso, kowa ya nemi mafaka, a yi kamar da bakin ƙwarya, sannan a ɗauke. Nasu kuwa ba shi da damina ba shi da rani. Iskar yamma ce ke kwaso laima daga tekun Atilantika tana zubarwa kaɗan-kaɗan, har kwana 110 ko fiye a shekara. Yayyafi ne marar sallama. Ka fita da hantsi rana fes, kafin azahar ka jiƙe. Gilasgo kuwa, da yake tana ɓangaren yamma, ruwanta ya zarce milimita 1,000. Ba banza ba ne wani masanin haɗa sinadarai na wannan birni, Charles Macintosh, ya yi rajistar yadinsa marar shan ruwa a 1823, inda ya manna roba tsakanin ƙyalle biyu.

Akwai kuma masu wuce gona da iri ta ɗaya gefen. Su da sun ji an ce Turai, sai su garzaya gwanjo su sayo ƙaton kwat na ƙanƙara, ya cinye rabin akwati. Su ma sun yi kuskure, domin zafi kan leƙo ƙasar jefi-jefi. A ranar 19 ga Yuli, 2022, an auna digiri 40.3 a wani ƙauye mai suna Coningsby, zafin da ba a taɓa aunawa ba a tarihin ƙasar, ga shi yawancin gidajensu an gina su ne don riƙe ɗumi.

Mene ne mafita? Dabarar ita ce tufafi marasa nauyi da za a iya jerawa ɗaya bisa ɗaya: singileti, taguwa, suwaita ta ulu, sannan rigar ruwa mai hula a sama. In rana ta buɗe a rage, in gari ya lumshe a ƙara. Ulu na riƙe ɗumi ko da ya ɗan jiƙe, auduga kuwa in ta sha ruwa sai ta manne a jiki ta daɗe ba ta bushe ba. A nemi takalmi sau-ciki mai ƙarfi da safa isassu, a bar wa silifa cikin ɗaki. 'Yan'uwa mata su lura, zanen da ke share ƙasa lakarsa zai kwasa, mayafi mai ɗan kauri kuwa aiki biyu zai yi. Lema ƙarama mai naɗewa tana da amfani, sai dai iskar Sikotilan kan juya ta baibai. Kada a manta, jirage da dama kilo 23 suka yarda wa akwati ɗaya, abin da ya hau kuwa sai an biya.

Na san wani zai ce ina so mu tuɓe kayanmu mu sa na Bature. Ko kusa. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma ranar gabatar da takarda babu abin da ya kai babbar riga da hula kwarjini. Amma ɗaya ta wadatar, a naɗe ta cikin leda, a sa ta a ranarta. Shadda mai sitaci ba ta shiri da yayyafi. Wanda ya ɗauki guda biyar ya bar rigar ruwa ɗaya, kwalliya ya yi wa akwati, shi kuwa mura da kuɗin sayen sabuwar riga da fam na jiransa.

A ƙarshe, ina kira ga malamanmu na fassara da su sake duban wannan kalma. In ba mu da sunan da ya dace da yanayin, gara mu ce watannin Yuni zuwa Agusta, mu bar bazara a inda aka san ta. Matafiyi kuwa ya tambayi sararin samaniyar ƙasar da za shi tun kafin ya rufe akwati, domin rigakafi ya fi magani.