Zuwa Ga Kanikawan A-kori-kura Masu Shan Gas: Ku Auna Kafin Ku Kwance Nozul



Wata al'ada ta zauna da gindinta a garejojinmu. Da zarar mai Hilux ko L200 ko D-Max ya shigo da kukan motarsa na zuƙar gas tana aman baƙin hayaƙi, sai hannu ya nufi nozul da famfon mai. A kwance a kai wa mai famfo, ko a tura yaro kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Fanteka ya sayo na hannu. Roƙona gare ku shi ne ku mayar da nozul abu na ƙarshe da za ku taɓa, domin sau da yawa ba shi da laifi, kuma yana cikin kayan da suka fi tsada da saurin ɓaci a hannun mai gyara.

Al'adar tana da asali. A tsofaffin injuna irin su 5L, famfo ne ke yanke yawan man da zai shiga, saboda haka wanda ya iya famfo ya iya motar. Amma 2KD da 1KD, da 1GD da ya fito a 2015, wani tsari ne daban. Famfo na tara gas a bututu guda da matsi mai tsananin ƙarfi, ƙwaƙwalwar mota kuma ita ke buɗe kowane nozul bisa abin da sensoci suka gaya mata game da iska, zafi da gudun injin. Kowane nozul na Denso yana da lambarsa da sai an shigar wa ƙwaƙwalwar, in ba haka ba za ta riƙa ba shi umarni da ma'aunin wanda aka cire. Ga shi ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta ɓata shi, mu kuwa a fili muke aiki, a ƙasa, cikin iskar hunturu.

Baƙin hayaƙi na nufin mai ya fi iska yawa. Wannan kan faru ta hanya biyu: ko an ƙara mai, ko iska ta ragu. A ƙasar da ƙura ke rufe sama wata da watanni, ta biyun ce ta fi kusa. Filtar iska da ta toshe, tiyon turbo da ya tsage yana zubar da iskar da aka matsa, sensar iska da ta yi datti, bawul ɗin EGR da ya cushe da kunkunniya ya maƙale a buɗe: duk suna kawo hayaƙi da rashin ƙarfi, direba ya ƙara taka totur, gas ya tafi. Hura filta da kwamfuresa ma ba gyara ba ne, yana yaga takardar ne ƙura ta wuce zuwa turbo da zobban fistin.

Sai batun tamostat, wanda nake ganin a nan muka fi cutar masu motoci da hannunmu. Ana cire shi da hujjar cewa don ƙasashen sanyi aka yi shi. Aikinsa shi ne riƙe ruwa har injin ya kai zafin aikinsa, wajen digiri 80, sannan ya buɗe hanyar lagireto. Injin gas da zafin matsi yake kunna mai, ba shi da fulogi mai tartsatsi. In ya zauna da sanyi, mai ba ya ƙonewa sosai, baƙin mai na yin kauri, ƙwaƙwalwa kuma na ci gaba da ɗaukar motar a matsayin wadda ba ta gama ɗumi ba. Motar da ke zafi tana da dalilinta, lagireto ne ya toshe ko fanka ta gaji, kuma cire tamostat ɓoye dalilin kawai yake yi.

Za ku ce gas ɗinmu ba shi da kyau, kuma shi ke kashe nozul. Gaskiya ne. Turai ta kayyade sulfa a kashi 10 cikin miliyan tun 2009, alhali a baya Najeriya ta yi shekaru tana halatta 3,000, ban da kananzir da ruwan da ke shiga jarkokin 'yan bumburutu. Amma wannan hujja ce ta gwadawa, ba ta zato ba. A zubar da ruwan da ya taru a ƙarƙashin filtar gas, a duba matsin bututu da na'ura, a auna man da kowane nozul ke mayarwa a kwalabe masu ma'auni. In ɗaya ya fita daban, ga mai laifi. In matsin ne ke rawa, a duba bawul ɗin SCV na jikin famfo, wanda kuɗinsa bai kama ƙafar na nozul huɗu ba. In kuwa an tabbatar sai an kwance, to a 1KD a sa sabbin washan tagulla na ƙarƙashin nozul, don tsohon da ke yoyo yana tura kunkunniya cikin baƙin mai har rariyar famfon baƙin mai ta toshe, injin ya buga.

Za ku kuma ce mai mota ba ya biyan kuɗin dubawa, sai ya ga an canza ƙarfe. To ku ba shi lamba a maimakon ƙarfe. Ya cika tanki, ya rubuta kilomita, ya yi tafiyarsa ta kullum, ya sake cikawa, a raba kilomita da lita. Kafin a yarda da lissafin, a dubi tayoyin: manyan da aka sauya suna rage kilomitan da mita ke nunawa, sai mota ta zama kamar ta ƙara sha. A ɗaga ta a juya ƙafafun ko birki na riƙewa, a tabbatar ba a bar ta cikin giyar ƙafa huɗu a kan kwalta ba, a kuma tambayi nauyin kayan da ake lafta mata. Bayan gyara a maimaita awon a hanya ɗaya da kaya iri ɗaya, a ajiye lambobin biyu a littafin gareji.