Daga Jirgin Jidda Zuwa Kwale-kwalen Zobe

Wata sabuwar hira ta shigo majalisun manyan ma'aikata da 'yan kasuwa a Dutsin-Ma da Kurfi: wane kamfanin jirgin ruwa ya fi dacewa mutum ya ɗauki iyalinsa a dogon hutu? Ana maganar manyan jiragen shaƙatawan nan ne masu kama da unguwa guda a kan teku, da ɗakunan kwana da gidajen abinci da filin wasan yara, waɗanda ke tashi daga Dubai ko Jidda ko Basalona su yi mako guda suna zagaya gaɓa. Wannan ya ce MSC, wancan ya ce Costa ta fi sauƙi. Wani ya kawo Royal Caribbean da jirginta Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a 2024, mai iya ɗaukar fasinja fiye da 7,000. Mai taka-tsantsan da addini kuma ya ce shi AROYA ta Saudiyya zai bi, wadda ta fara tashi daga Jidda a Disambar 2024, tun da ba a sayar da giya a cikinta.

Ba mu da ja da wanda Allah Ya hore masa. Kuɗinsa ne, iyalinsa ne, kuma yaran da suka shekara cikin fargabar 'yan bindiga sun cancanci su ga teku su yi dariya. Inda muke da ja shi ne irin tambayoyin da ake yi. Abincin halal ne? Akwai wurin sallah? Ɗakin yana da taga? Nawa ne kuɗin mutum ɗaya? Duk tambayoyi ne masu kyau, amma na otal ne. Jirgi kuwa otal ne da zai iya kifewa. Wanda zai ɗora matarsa da 'ya'yansa a kan ruwa, tambayarsa ta farko ita ce: mutum nawa aka yarda jirgin nan ya ɗauka, me aka tanada idan abu ya ɓaci, kuma wuyan wa za a kama?

Abin da ya sa fasinjan waɗannan manyan jirage yake barci har da minshari, jini ne aka zubar kafin a kai nan. A watan Afrilun 1912 Titanic ta nutse da mutum kusan 1,500, saboda ƙananan jiragen ceton da ke cikinta ba su wuce na rabin mutanen da ta ɗauka ba. Shekara biyu bayan haka, a 1914, ƙasashe suka rattaba hannu a yarjejeniyar kare rayuka a teku da ake kira SOLAS, wadda har gobe ita ce uwar dokokin wannan harka. Kusan shekara ɗari bayan Titanic, ranar 13 ga Janairun 2012, Costa Concordia ta daki dutse a gaɓar tsibirin Giglio na Italiya da mutum fiye da 4,200 a ciki. Mutum 32 suka mutu. Ɗaruruwan fasinjojin da suka hau a ranar ba a riga an nuna masu inda za su taru ba idan an busa ƙahon haɗari. Kyaftin ɗin, Francesco Schettino, ya bar jirgin tun da sauran mutane a ciki. Kotu ta ɗaure shi shekara 16, aka kuma gyara doka: yanzu dole a tara fasinjoji a koya masu sa rigar ceto kafin jirgi ya bar tasha, ko da zarar ya tashi. A lura da yadda abin yake tafiya. An yi asara, an nemo mai laifi da sunansa, an hukunta shi, an canza ƙa'ida.

Saboda haka, Alhaji, idan ka ƙudura sai ka je, ga abin da za ka tsare ejan da shi kafin ka tura ko sisi. Tutar wace ƙasa jirgin yake ɗauke da ita? Royal Caribbean tana zaune a Miyami amma yawancin jiragenta da tutar Bahamas suke yawo. MSC tana Janiba, jiragenta kuwa rajistar Fanama ko Malta gare su. Takardar tikitin da ba ka karanta ba ita ce ta faɗi kotun da za ka kai ƙara, kuma ba a Katsina take ba. Ka tambayi biza ta kowace tashar da za a tsaya, domin koren fasfonmu ba ya buɗe ƙofa da kansa, kuma kamfani ba ya mayar da kuɗi don an hana ka hawa saboda rashin biza. Ka tambayi abin da ba ya cikin farashin talla: ladan ma'aikata da ake cira kullum, kuɗin intanet, kuɗin sauka a zaga gari, da kuɗin ganin likitan jirgi. Ka yanki inshorar lafiya. Wanda ya tuna Diamond Princess, wadda aka killace a tashar Yokohama ta Japan a Fabrairun 2020 har mutum fiye da 700 suka kamu da korona a cikinta, ya san cewa cuta a jirgi ba ta da ƙofar fita. Idan ejan ya fara kame-kame, ko ya ce ka tura kuɗin asusunsa na kansa, ka ɗauki hularka. Araha ba ta ado.

Shi ke nan an sallami masu zuwa Jidda. Su nawa ne ma? Ba su cika motar haya ɗaya daga tashar Dutsin-Ma zuwa Katsina ba. Sauran jama'a fa, ina iyalinsu ke zuwa hutu?

Hutun iyalin talaka a ƙasar nan shi ne yawon Sallah, da Maulidi, da rakiyar amarya. Jirgin shaƙatawarsa kuwa kwale-kwale ne. Duk garin da ke da dam ko gulbi a kusa, ranar Sallah za ka ga yara da sababbin kaya sun nufi bakin ruwa da 'yan kuɗin barka da Sallah a hannu, babu babba ko ɗaya a tare da su. Mai kwale-kwale, wanda duk shekara kamun kifi ko fito yake yi, ya ga kasuwa ta buɗe. Abin da ke biyo baya mun san shi, domin ya sha faruwa.

A watan Mayun 2022, ana tsakiyar shagalin ƙaramar Sallah, kwale-kwale ya kife a ƙaramar hukumar Mai'adua ta jiharmu, aka rasa rayuka fiye da goma, yawancinsu yara. Wata biyar kafin nan, ranar 30 ga Nuwambar 2021, jirgi ya nutse a dam ɗin Watari da ke Bagwai ta jihar Kano, ɗauke da 'yan Islamiyya da suka taso daga Badau za su taron Maulidi. Aƙalla mutum 29 suka rasu. A watan Mayun wannan shekarar, kusa da Warrah ta jihar Kebbi, wani jirgi da aka danƙara wa mutum fiye da 150 ya tsage a tsakiyar kogin Neja. A Yunin 2023 'yan ɗaurin aure fiye da 100 suka halaka a yankin Patigi ta jihar Kwara, suna dawowa cikin dare. Ko ba a kafa kwamiti ba, kowa zai iya karanto dalilan: lodi ya wuce ƙima, jirgi ya tsufa, duhu ya yi, babu rigar ceto. Su ne dai a kowane karo, kamar an rubuta an ajiye.

To, mai karatu, mun faɗa maka sunan kyaftin ɗin Italiya da shekarun da aka yanka masa. Kai ma faɗa mana sunan mutum ɗaya da ka ji an hukunta a kan waɗannan.

Amsar da aka saba bayarwa ita ce ƙaddara. A yi jana'iza, manya su zo ta'aziyya da buhunan shinkafa, a ce kwana ne ya ƙare, a watse. Mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma babu malamin kirki da ya taɓa karantar da cewa imani da ƙaddara ya ɗauke wa mutum riƙo da sababi, kuma fiƙihun da ake karantawa a zaurukanmu ya san diyya a kisan kuskure, ya san lamuni a kan wanda ya yi sakaci da amanar da aka ba shi. Wanda ya zuba yara arba'in a jirgin mutum goma sha biyar ganganci ya yi. Wanda aka ɗora wa alhakin hana shi, ya zauna a ofis, shi ma da nasa kason. Abin mamaki, Alhajin da ke cewa ƙaddara idan 'ya'yan ƙauye suka nutse, shi ne zai tsare ejan da tambaya ko akwai rigar ceto daidai jikin ɗansa ɗan shekara uku. Ashe ya san amfaninta.

Akwai hukumar da doka ta ba wannan aiki, NIWA, wadda aka kafa a 1997, mai hedikwata a Lokoja. Ta sha shelanta cewa an hana tafiyar dare, an hana lodi fiye da ƙima, kuma dole kowa ya sa rigar ceto. Shela ba ta tsaya a bakin ruwa ta ƙirga kai. Daga Lokoja zuwa mashigar wani ƙauye a ƙasar Katsina tafiya ce mai nisa, kuma duk wanda ke jiran ma'aikacin tarayya ya zo ya hana ɗansa hawa ruɓaɓɓen jirgi, zai daɗe yana jira.

Mu dawo gida. Kudu da garin Dutsin-Ma ga dam ɗin Zobe nan shimfiɗe a kan kogin Karaduwa. An gama shi a 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, bangonsa ya kusa kilomita uku, an kuma gina shi ne don noman rani da ruwan sha. Sai a Yulin 2021, bayan shekara 38, Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya buɗe aikin kai ruwansa Katsina. Jaririn da aka haifa shekarar da aka gama dam ɗin ya yi furfurar gemu kafin ya ga ruwan a famfo. Wurin da aka yi wa irin wannan riƙon sakainar kashi a kan ruwan sha, ba abin mamaki ba ne don ba a yi tunanin ya zama wurin hutun iyali ba. Amma ruwan yana nan, masunta suna nan da jiragensu da sanin kowane lungu nasa, ga jami'ar tarayya da aka kafa a 2011 da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita cike da matasa masu neman inda za su sha iska. Mashiga ɗaya mai kyau, jirage biyu ko uku masu inji da aka rubuta adadin mutanensu a jiki, rumfa, da mai gadi: iyali daga Kurfi za su iya zuwa da hantsi su koma kafin la'asar, ba fasfo ba biza.

Mun san abin da za a ce: tsaro. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramar magana ba ce. A Oktoban 2023 har cikin gari aka shiga aka sace ɗalibai mata biyar na jami'ar, kuma ƙauyukan Kurfi da Safana da Ɗanmusa sun ga abin da baki ba zai iya faɗa ba. Babu mai hankalin da zai ce a kwashi yara a kai su bakin daji da yamma. Sai dai wannan hujja tana da kaifi biyu. Rashin tsaron bai hana 'ya'yan talakawa shiga kwale-kwale ba, domin su ba shaƙatawa kaɗai ke kai su ruwa ba: gona tana tsallake, kasuwa tana tsallake, gidan kaka yana tsallake. Waɗanda ya kora su ne masu murya, waɗanda idan suka buga waya shugaban ƙaramar hukuma zai ɗauka. Kowane mai hali da ya yanke shawarar cewa hutun iyalinsa sai a Bahar Maliya, an rasa mutum ɗaya da zai dami hukuma a kan hanyar Zobe. Haka aka yi da makarantar gwamnati, haka aka yi da asibiti.

Kada kuma a bar jaki a daki taiki. Mai kwale-kwale ba don mugunta yake cika jirgi ba. Kuɗin fito kaɗan ne, mai ya yi tsada, katakon gyara ya yi tsada, ranar Sallah kuwa sau biyu take zuwa a shekara. Idan aka ce ya ɗauki rabin abin da ya saba, dole kuɗin kowane kai ya ƙaru, kuma iyayen da ke son tsaro su ne za su biya. Wannan ita ce maganar da 'yan siyasa ba sa son faɗa, mu kuwa mun faɗe ta. Uban da ya ga kuɗin sun yi masa yawa, gara ya riƙe 'ya'yansa a tudu ya saya masu rake.

Abin da muke nema bai kai a kafa kwamiti ba. Masarautun Yandaka a Dutsin-Ma da Maraɗi a Kurfi suna da dagatai da masu unguwanni, masunta kuma suna da sarkin ruwansu wanda suke jin maganarsa fiye da ta kowane jami'i. A zauna da su kafin Sallah, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. A auna kowane jirgi a rubuta adadinsa da fenti a gefensa, yadda yaro ɗan aji uku zai iya karantawa ya ƙirga. A ce daga kiran magariba babu fito. Yaro ba ya hawa sai da babba. Limamai su faɗe shi a huɗubar Idi, inda kowa yake. Hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima, wadda dam ɗin ke hannunta, ta ware mashiga ɗaya da aka sani.

Rigunan ceto kuwa, ga masu saye nan a majalisa suna gardamar MSC da AROYA. Kuɗin tikitin jirgin sama na mutum ɗaya daga Kano zuwa Jidda ya isa ya sayi riguna masu yawa, manya da ƙanana. Alhaji ya rage mutum ɗaya a tawagar, ko ya ɗauki ɗakin da ba shi da taga, ya aika da rarar wurin sarkin ruwa. A ajiye rigunan a hannunsa, a rubuta adadinsu, bayan Sallah a zo a ƙirga.