Kalmomi 12 da haƙƙin marayu

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya kai ɗan uwa, samari sun cika mana kunne da kira guda: sauke manhaja, buɗe asusun Lightning, kafin ƙiftawar ido kuɗinka sun isa Kano ko Abijan. In ka tambaye su hukunci, sai su ce harkar duniya ce, babu ruwan malamai. Wannan magana ɓata ce, kuma ita na zo in rushe.

Fara da sanin abin. Biyan kuɗi da bitcoin yana da nawa, domin kowane shafi na babban kundinsa yakan ɗauki kimanin minti 10. Shi ya sa Joseph Poon da Thaddeus Dryja suka fito da tsarin Lightning a 2015, aka soma aiki da shi a 2018. Misalinsa ƴan kasuwa biyu ne a Kasuwar Dole ta Damagaram: sun zuba kuɗi a akwati guda mai makulli biyu, suna ciniki suna gyara lissafi a tsakaninsu, sai ranar rabuwa su kai jimla ga babban kundi. Nan saurin ya fito, nan arahar ta fito. Amma abin da ka tura ya tafi, babu ofishin da za ka kai rasit a maido maka.

Malamai sun saɓa kan bitcoin. Tsohon Muftin Masar, Shauƙi Allam, ya haramta mu'amala da shi. Majalisar malaman Indonesiya ta hana ɗaukarsa kuɗi a 2021. Wasu kuma sun ce dukiya ce. Masu hanawa suna da abin nunawa: a Nuwamba 2021 ya kusa dalar Amurka 69,000, bayan shekara guda ya faɗo ƙasa da 17,000. In ka bi masu hanawa, magana ta ƙare. In ka bi masu halattawa, to da bakinka ka ce dukiya ce, dukiya kuwa tana tafe da haƙƙoƙinta.

Na farko, amana. Wa ke riƙe da makulli? A irin Wallet of Satoshi da aka saba da shi, kamfani ne ke riƙewa, kai lamba kawai kake gani a tarho. A irin Phoenix, makullin yana hannunka, kalmomi 12 ne. Waɗanda suka ba kamfanin FTX ajiya sun wayi gari a Nuwamba 2022 ƙofa a rufe. Saboda haka kuɗin adashi, na masallaci, na maraya, kada ka gwada koyo da su. Koyi da jikka ɗaya taka.

Na biyu, gado, kuma nan ne hawaye suke. Mai asusu a banki in ya rasu, magada sukan je da takardun shari'a a buɗe musu. Mai kalmomi 12 in ya rasu da su a kansa, babu alƙali, babu sarki, babu kamfanin da zai iya buɗewa. Kuɗin suna nan, amma sun haramta ga masu su har abada. Matarka tana takaba ba ta da hatsi, mai binka bashi yana tsaye a zaure, rabon da Allah da kansa ya yanka a Suratun Nisa'i ka binne shi tare da kai. Me za ka ce ranar tsayuwa? Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi. Addinin da ya tsananta haka kan rubutu, shi ne babu ruwansa da asusunka?

Rubuta kalmomin da alƙalami a takarda, bisa jerinsu, tare da sunan manhajar, domin magaji zai buƙace ta. Kada ka ɗauke su hoto, kada ka aika su ta WhatsApp. Duk wanda ya gan su ya mallaki kuɗin. Rufe takardar, adana ta, ka sanar da amintacce inda take, ka ambaci asusun cikin wasiyyarka.

Na uku, zakka. Ɓoyuwar dukiya ga mutane ba ta ɓoye ta ga Allah. Ƙimanta abin da ke ciki da sefa, haɗa da sauran kuɗinka. In ya kai darajar giram 85 na zinariya, shekarar Musulunci ta zagayo, fitar da kashi 2.5 cikin 100.

Wanda ba zai iya ukun nan ba, barin asusun ya fi masa alheri. Ajali ya fi Lightning sauri. Ka rubuta yau.

Allah ne mafi sani. A isar ga ƴan uwa.