A Rage Bulumboti, A Ƙara Cokali

A hutun da ya wuce na kai ziyara gidan wata ƙanwata, na tarar da ita cikin damuwa saboda ɗanta mai wata 14. Ta ce da ni, "Yaya, yaron nan ya ƙi abinci ƙememe. Ko tuwo na kai masa baki sai ya kau da kai." Na tambaye ta abin da yake sha a wuni, muka zauna muka ƙirga, sai ga bulumboti shida: uku na madarar gwangwani, uku na koko wanda aka tsinka da ruwa, aka kuma faɗaɗa hujin robar don ya riƙa wucewa. Na ƙarshe kuwa da shi yake barci a baki. Na ce mata ai yaron bai sami wurin da zai sa tuwon ba ne.

Wannan shi ya sa na ga ya dace in bayyana ra'ayina a wannan fili. A ganina, da zarar jariri ya cika wata 6, wajibi ne a fara ja da bulumboti baya sannu a hankali, ana ƙara abinci mai kauri da cokali, har a rabu da shi tsakanin shekara ɗaya da shekara ɗaya da rabi. A lura, maganata ba ta shafi nonon uwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a shayar da jariri nono zalla har wata 6, sannan a ci gaba da ba shi tare da abinci har shekara 2 ko fiye.

Lissafin tumbin jariri

Masana sun ƙiyasta cewa tumbin jariri na ɗaukar kimanin mililita 30 a kan kowane kilo na nauyinsa. Watau yaro mai kilo 8 zai ƙoshi da mililita 240, kusan cikin babban bulumboti guda ke nan. To, kokon da zai iya ratsa hujin roba dole ne ya zama tsararo, mafi yawansa ruwa. Yaro zai sha, cikinsa ya yi tam, ya yi barci, uwa ta ɗauka ya ci abinci, alhali abin da ya shiga jikinsa na ƙarfi da gina jiki bai taka kara ya karya ba.

Buƙatarsa kuwa kullum ƙaruwa take yi. Bisa lissafin hukumar da na ambata, jariri mai shan nono yana buƙatar ƙarin kalori kimanin 200 a rana daga abinci tsakanin wata 6 da 8, sai 300 daga wata 9 zuwa 11, sai 550 daga shekara ɗaya zuwa biyu. Tsararon koko ba zai cike wannan giɓi ba, ko sau nawa aka ba shi.

Akwai kuma batun sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke haɗa jini da shi. Jariri kan zo duniya da guzurin wannan sinadari da ya samo daga mahaifiyarsa, amma guzurin kan yi ƙasa wajen wata 6. Madarar shanu ba ta da shi sosai, kuma yaron da ya cika ciki da ita ba zai nemi hanta ko kifi ko wake ba. Ƙarshen abin shi ne ƙarancin jini, wanda kan taɓa bunƙasar ƙwaƙwalwa a daidai lokacin da take girma da sauri. Binciken lafiyar al'umma na Nijeriya na 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, kuma a Arewa maso Yamma adadin ya haura rabi. Talauci na da babban kaso a nan, ba shakka, amma yadda ake ciyarwa ma na da nasa.

Tauna ma koyonta ake yi

Tsotso da tauna ayyuka ne daban, kowane da yadda harshe da muƙamuƙi ke motsi. Da tsotso aka haifi jariri, tauna kuwa sai ya koya. Wani dogon bincike da aka gudanar a kan dubban yara a yankin Biristol na Ingila ya gano cewa waɗanda ba a fara ba su abinci mai gudaji-gudaji ba sai da suka kai wata 10 sun fi sauran wuyar ciyarwa daga baya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ƙwayoyin cuta da ruɓewar haƙora

Duk ɗalibin da ya karanta darasin bakteriya ya san cewa wasunsu kan rabu biyu cikin minti 20 idan sun sami ɗumi da abinci. A bisa wannan lissafi, ƙwaya ɗaya tak za ta haura miliyan 2 cikin awa 7. Ragowar madara a lungun roba, cikin zafin ƙasarmu, gona ce mai albarka ga waɗannan ƙwayoyi, kuma daga nan zawo kan faro. Kofi kuwa buɗe yake, ana ganin dattinsa, sabulu da ruwa sun wadatar.

Haka kuma yawu, wanda ke wanke baki, kan ragu idan mutum na barci. Yaron da ya kwana da bulumboti a baki, sukarin madarar zai kwanta a haƙoransa, bakteriyar baki su mai da shi asid, asid ɗin kuma ya ci fatar haƙori. Shi ya sa ake ganin yara ƙanana da baƙaƙen haƙoran gaba.

Uzurin iyaye mata

Na san za a ce mini malam bai san wahalar reno ba. Uwa mai zuwa aiki ko kasuwa ta fi samun sauƙi ta miƙa bulumboti, domin ciyarwa da cokali na cin lokaci, ga ɓata tufafi. Akwai kuma marayu da 'ya'yan marasa lafiya waɗanda madarar gwangwani ce ta raya su. Duk wannan gaskiya ne, ban kuma zargi kowa ba. Sai dai madara na shayuwa a kofi, kuma rabin awar da aka ƙi bayarwa wajen ciyarwa ana iya biyanta da kwanaki a gadon asibiti. Ba kuma ina kiran a koma ga ɗura ba, inda ake toshe wa yaro hanci a zuba masa kunu, domin kunun na iya sarƙe shi ya faɗa huhu.

Yadda za a bi

Kada a yanke bulumboti rana ɗaya. A fara cire na tsakar rana, a maye gurbinsa da abinci da ruwa mai tsabta a kofi. Bayan 'yan kwanaki, idan yaro ya saba, a cire na gaba. Na dare shi ya fi wuyar rabuwa, don haka a bar shi ƙarshe. A riƙa gabatar da abinci kafin madara, lokacin da yaro ke jin yunwa. Daga wata 6 zuwa 8 a ba shi abinci sau 2 zuwa 3 a rana, daga wata 9 kuma sau 3 zuwa 4, da ɗan abin taɓawa kamar ayaba ko gwanda. Kunun ya yi kaurin da zai tsaya a cokali. A inganta shi da niƙaƙƙiyar gyaɗa ko waken soya, a kuma sa ƙwai, kifi, hanta, kabewa, zogale da ɗan manja a abincinsa. Kada a ba shi zuma kafin shekara ɗaya. In ya tofar da sabon abinci, a sake gwadawa wata rana, domin wani yaron sai an kai masa abu kusan sau 10 kafin ya karɓa. Yaron da ba ya shan nono yana buƙatar madara har yanzu, kimanin mililita 300 zuwa 500 a rana, amma a kofi. Idan nauyinsa ya tsaya cik ko yana raguwa, a kai shi asibiti ba da ɓata lokaci ba.

Ga ɗalibai da malamai

A gidajenmu da yawa, yayye ne ke riƙe da ƙanne idan uwa na aiki, saboda haka wannan darasi naku ne. Malamai kuma na iya kai shi ɗakin gwaji. A jiƙa gero har ya tsiro, a shanya, a murje tsiron da saiwoyin, a niƙa. A dama kunu mai kauri a kwano biyu, a bari ya ɗan huce, a zuba cokali guda na garin a kwano ɗaya. Cikin 'yan mintoci za a ga ya saki, domin sinadarin amilas da ke cikin hatsin da ya tsiro ya farfasa sitacin. Ta haka ake samun kunu mai sauƙin haɗiya ba tare da an ƙara ruwa ba, sai dai a sake tafasa shi kafin a bai wa jariri.

Ƙanwar tawa ta bi wannan tsari. Makon farko an sha kuka, har ta aiko mini cewa na jawo mata rashin barci. Da na koma bayan wata biyu, na tarar da yaron zaune a tabarma, hannu dumu-dumu cikin faten wake.