Batir ya shiga ɗakin haya, amma ba a san wa ke da alhakinsa ba

Tun da Nijeriya ta katse wa Nijar wutar lantarki a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, batir ya zama kayan ɗaki a Damagaram. A lokacin, wajen kashi 70 cikin ɗari na wutar da ƙasar ke sha daga Nijeriya take zuwa. An maido da ita a 2024 bayan CEDEAO ta janye takunkumi, sai dai wanda ya sayi sola bai mayar da ita kasuwa ba. A karkara kuwa, kamar ƙauyukan Guna da ke cikin Mirya, dama da sola ake cajin waya, kuma ɗan Guna da ya shigo birni karatu ko kabu-kabu da kayansa yake kama ɗaki a Garin Malam ko Kara-Kara.

Batir iri biyu ne. Mai nauyin nan irin na mota, in ana cajinsa yana fitar da iska mai kama wuta, don haka ba ya son ɗaki a rufe. Na litiyom, wanda ke cikin waya da fitila da fanka, shi ne mai saurin fushi: in ya bugu, ko ya sha zafi, ko aka haɗa shi da cajar da ba tasa ba, sai ya riƙa dafa kansa da kansa har ya fashe, kuma ko an kashe wutar tana iya sake tashi. A nan zafin Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40.

Babur mai batir bai yawaita a titunanmu ba tukuna, amma inda ya yawaita an ji jiki. A birnin New York na Amurka, batiran litiyom sun tayar da gobara 268 a 2023, mutum 18 suka rasu. A Nanjing ta ƙasar Sin, gobarar da ta tashi inda ake ajiye irin waɗannan babura ta kashe mutum 15 a Fabrairun 2024.

Abin da ya fi damuna ɗabi'armu ce. Mai kabu-kabu ba ya barin babur a waje da dare, saboda ɓarayi. Cikin ɗaki yake tura shi, daidai bakin ƙofa. Ɗakin haya kuwa ƙofa ɗaya gare shi, tagar ma an datse ta da ƙarfe. Ranar da baburan nan suka koma na batir, za a kwana ana caji a kan hanyar fita ɗaya tilo, ga yara a kan tabarma. Kafin a kira 18 'yan kwana-kwana su ratso lungu, hayaƙi ya gama aikinsa.

To wa za a tambaya? Nijar tana da dokar haya tun 1996, amma yawancin haya da baki ake ƙulla ta, a gaban dillali, shi kuma ladansa ya sani. Mita ɗaya, ɗaki shida ko takwas, wayoyi an jona su ta saman katanga. Mai gida ya ce kayan ɗan haya ne ya jawo, ɗan haya ya ce wayar gidan ce ta tsufa. Wanda ya yi ƙorafi kuma, ƙarshen wata a ce masa ana bukatar ɗakin, ɗan mai gida zai yi aure.

Ba sai an jira wata sabuwar doka daga Yamai ba. Magajin gari da masu unguwa suna iya sa a rubuta takardar haya gajera, da Hausa, mai faɗin cewa gyaran waya na mai gida ne, caja da batir na ɗan haya, a kuma ba ɗan haya wurin kai ƙara ba tare da ya rasa makwanci ba. Gidan da ke da masu babur, a yi rumfar kwano mai makulli a tsakar gida, nesa da ƙofofin ɗakuna, kuɗin a raba shi yadda ake raba na wuta.